Amsar kawu daga Kumasi

Ɗana, na ji saƙonka na murya har sau biyu. Ka ce ka ga bikin 'yar uwarka a waya, Hausar mutanenmu ta ba ka dariya, sannan ka tambaye ni me ya riƙe mu a nan shekara da shekaru, kuma ko kai ma ka taho. To, zauna ka ji.

Dariyar ba laifi, ni ma na yi ta da na sauka unguwar Aboabo a nan Kumasi ina saurayi. Sai ka ji an ce "Hajiya ya tafi kasuwa", ka waiga kana neman wane Alhajin ake nufi. Hausar zango ba ruwanta da bambance mace da namiji, ƙ da k duk ɗaya ne, ga Turanci da yaren Asante sun shige mata ciki. Amma kada ka ɗauka baƙi ne 'yan jiya. Kakannin wasunsu fataken goro ne da suka riƙa bin hanyar Salaga, tsohuwar kasuwar goro ta arewacin Gana, da jakuna tun kafin Bature, da Salaga ta mutu suka gangaro Kumasi da Ankara, babban birnin Gana. Da yawansu ba su taɓa ganin Kano ba, iyakarsu su ce maka kakan kakansu Bakatsine ne. In ka ce musu su koma gida, sai su tambaye ka wane gidan. Kuma a nan ba kowa mai jin Hausa ne Bahaushe ba: Mosi, Zabarmawa, Dagomba, Wangara, duk da ita suke ciniki da gaisuwa a zango.

Muna da Sarkin Zango, shi ne bakinmu a fadar Sarkin Asante, don ƙasar tasu ce, ara mana aka yi. Fili ma ba sayen har abada ake yi ba, na wa'adi ne, wanda ba ɗan ƙasa ba kuwa dokar Gana ba ta ba shi fiye da shekara 50. Matanmu suna kasuwa da tsakar rana ba wanda ya ɗaga ido. Kullen da ka sani a unguwarku nan sai labari. Gwaggonka da kokon da take damawa da asuba ta biya wa yara biyu makaranta. Kokon nan da ƙosai da wake da shinkafa, wanda suka mayar waakye, yanzu abincin kowa ne a Gana har da 'yan coci. Ankon biki kuwa yayi muke ce masa, kuma yana cin kuɗi ba kaɗan ba.

Abin da na samu ba zan ɓoye maka ba. Na samu rufin asiri, na kwana ban ji harbi ba, ina salla kusa da maƙwabci Kirista ba mu taɓa sa-in-sa ba. Sai dai tsofaffinmu har yau ba sa sakin jiki gaba ɗaya. A 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar ƙasar, mutane suka sayar da gidaje a wulaƙance, wasu aka loda su a mota zuwa ƙasar da ba su san kowa ba. A 1983 mu ma a Najeriya muka rama, muka kori mutanen Gana a zamanin Shagari. Wani dattijo a masallacinmu har ya rasu takardunsa na cikin leda a ƙarƙashin matashin kansa. Yaranmu da aka haifa a nan, in sun je neman takardar ƙasa, sunan kawai ya isa a fara tambayar inda aka haifi kaka. In sun zo Kano kuma ku ce musu 'yan Gana.

Wannan duk da sauƙi. Ka tuna rasuwar Inna? Kana ƙarami. Da hantsi aka bugo mini, kafin la'asar an kai ta. Ni ina tasha ina neman motar Aflao, sannan Lome, Kwatano, Legas, kowace iyaka sai an sauke mu. Addu'ar uku na tarar, aka nuna mini tudun ƙasa. Shekara goma sha ina aiko mata da kuɗi da atamfa, amma ranar da take bukatar kafaɗata, kafaɗar maƙwabta ta samu. Uwarka ce ta yi jinyarta, ta wanke, ta juya, ni kuwa sai a waya nake cewa a ƙara haƙuri. Har yau in muka yi magana da uwarka ina jin nauyin nan a muryata, ita kuma ba ta taɓa goranta mini ba, wanda ya fi ciwo.

Shi ya sa za ka ga a zango ba ma wasa da zaman makoki. Uku, bakwai, arba'in, kowa ya fito da gudummawarsa, ko mamacin jiya ya sauka garin. Malamanku na can za su ce bidi'a ta yi yawa, wataƙila da gaskiyarsu, amma wanda ya rasa jana'izar uwarsa ba ya iya wuce ta wani.

Zancen tahowarka, ɗaki yana nan, shago ma yana neman hannu. Sai dai kai kaɗai ne namiji a wurin uwarka, kuma na ji ƙafarta ta fara damunta. Ka zauna da ita tukuna, kada ka ce mata ni na ce. In ta sa maka albarka da bakinta, ka yi fasfo, ka yi allurar shawara ka riƙo katinta, ka taho bayan babbar salla. Ka zo mini da kilishi da daddawar gida, ta nan ba ta kai ba.