Akwai Wanda Ya San Ƙungiyar Da Za Ta Ɗauki Kofin NBA Tun Kafin A Buga?

Tambaya: Ƙanena ne ya jefa ni cikin damuwa. Ya daɗe yana kallon ƙwallon kwando ta Amurka, amma a bana ya shiga wani zaure a Telegram, inda wani mutum yake sayar musu da abin da yake kira tabbataccen hasashe, yana cewa yana da mutane a cikin hukumar NBA, kuma tuni an tsara ƙungiyar da za ta ɗauki kofi. Sau huɗu a jere abin da ya faɗa yana fitowa daidai. Yanzu da wasannin fidda gwani suka ƙarato, yaron yana shirin zuba duk abin da ya tara, har da na aro, a kan ƙungiyar da ta fi kowace cin wasa a wannan kaka. Da gaske ana iya sanin sakamako kafin a buga? Kuma wadda ke kan gaba ba ita ke ɗaukar kofin ba?

Amsa: Malam, ka yi gaskiya da ka damu, kuma zan fara da tambayarka ta biyu domin ita ce mai sauƙi. Ƙwallon kwando tana daga cikin wasannin da ƙarfi ya fi yin tasiri a kan sa'a, domin sai ka doke abokin karawa sau huɗu cikin wasa bakwai kafin ka wuce, kuma da wuya ƙaramar ƙungiya ta yi dace har sau huɗu. Shi ya sa kusan duk zakarun gasar sun fito ne daga ukun farko na teburin yankinsu, Gabas ko Yamma. Boston Celtics ta 1969 ta zo ta huɗu, Houston Rockets ta 1995, wadda Hakeem Olajuwon ya jagoranta, ta zo ta shida, su biyun nan ne suka karya wannan ƙa'ida. Mai son hasashe na hankali sai ya dubi tazarar makin da ƙungiya take ba abokan karawarta a tsawon kaka, ya dubi lafiyar manyan 'yan wasanta a watan Afrilu, sannan ya tambayi kansa ko a cikin mutum bakwai ko takwas da koci zai dogara da su akwai mai raunin tsaro, domin a fidda gwani shi za a riƙa nema ana kai wa hari har sai an zaunar da shi a benci.

Amma zama na ɗaya a kaka daban, ɗaukar kofi daban. Golden State Warriors ta ci wasa 73 cikin 82 a kakar da ta ƙare a 2016, abin da ba a taɓa yi ba, ta kuma kai ci uku da ɗaya a zagayen ƙarshe, sai aka dakatar da ɗan wasanta Draymond Green a wasa na biyar, LeBron James da Cleveland Cavaliers suka cinye ukun da suka rage. Dallas Mavericks ta ci 67 a 2007, ta faɗi a zagayen farko a hannun ta takwas. Milwaukee Bucks ce ta fi kowa cin wasa a 2023, babban ɗan wasanta Giannis Antetokounmpo ya bugu a gadon baya tun a wasan farko na fidda gwani, Miami Heat da ta shigo da ƙyar ta kore ta da ci huɗu da ɗaya. Daga 2019 zuwa 2025 ƙungiyoyi bakwai daban-daban ne suka ɗauki kofin, babu wadda ta maimaita.

Yanzu bari mu koma kan mai zauren, domin a nan matsalar take, kuma na gaji da jin wannan magana ta cewa an riga an tsara komai. Kusan kullum sai wani ya kawo mini ita, yana faɗa cikin raɗa kamar ya tono sirri. Sau huɗun da suka ruɗi ƙanenka ba su da wani abin mamaki. Mutum zai buɗe zaure 16, ya gaya wa takwas cewa wannan ƙungiya ce za ta ci, ya gaya wa sauran takwas cewa waccan ce. Bayan wasa sai ya watsar da waɗanda aka yi wa kuskure, ya sake raba takwas ɗin da suka rage gida biyu. Daga takwas a koma huɗu, daga huɗu a koma biyu, daga biyu a koma ɗaya. A ƙarshe akwai zaure guda da mutanensa suka gani da idonsu an faɗi daidai sau huɗu a jere, alhali mai faɗar bai san komai ba, wataƙila ko wasan bai kalla ba. Wasu ma ba sa wahalar da kansu haka: su zaɓi wasan da babbar ƙungiya take karɓar baƙuncin wadda ke ƙasan tebur, in ya fito su ɗauki hoto su yaɗa, in bai fito ba su goge saƙon cikin dare. Da yawa daga cikinsu kuma suna da lada a wurin kamfanonin caca a kan duk wanda ya yi rajista ta hannunsu, ka ga ke nan ko yaron ya ci ko ya faɗi, su dai sun riga sun samu. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya san sakamakon wasan ƙarshe da gaske, me zai sa ya zauna yana tallar sa ga baƙin da bai sani ba, maimakon ya yi shiru ya kwashi dukiyar shi kaɗai?

Na san hujjar da suke kawowa, domin sunaye biyu ne kullum a bakinsu. Na farko Tim Donaghy, alƙalin wasan da aka bankaɗo a 2007 yana caca a kan wasannin da shi da kansa yake alƙalanci, aka yanke masa ɗaurin wata 15. Na biyu Jontay Porter, wanda hukumar ta kora har abada a watan Afrilun 2024, saboda ya ba 'yan caca bayanin lafiyarsa, ya kuma fice daga wasa da wuri domin tikitinsu ya fito. Duka biyun gaskiya ne, ban musa ba. Amma a dubi abin da ya faru da kyau. A batun Porter, ɗan wasa ɗaya ne, wanda ba ya cikin manya, ya yi maguɗi a kan adadin maki da makamantansu da shi kansa zai samu a wasa, kuma yawan kuɗin da aka zuba a kan sunansa, wanda bai saba ba, shi ya ja hankali har asiri ya tonu. Idan ƙaramin abu irin wannan ya kasa ɓoyuwa, ta yaya za a haɗa baki da masu ƙungiyoyi 30, da ɗaruruwan 'yan wasa, da kociyoyi, da alƙalai, shekara da shekaru, a ce babu wanda aka sallama daga aiki ya fusata ya fasa ƙwai, sai wani mai waya a Telegram ne kaɗai ya samu labari?

Sannan a gaya mini wanda ya tsara abin da zan faɗa yanzu. A 2021, a wasa na bakwai tsakanin Brooklyn Nets da Milwaukee, saura kusan daƙiƙa ɗaya a tashi, Kevin Durant na Brooklyn ya juya ya jefa ƙwallo ta shiga. Da maki uku ne, da Brooklyn ta wuce gaba. Aka duba hoton, sai ga bakin takalminsa a kan layin da sai an jefa daga bayansa ake ba da maki uku, aka ba shi biyu, aka tafi ƙarin lokaci, Milwaukee ta ci, daga baya ta ɗauki kofin. A 2019 Durant ɗin nan, lokacin yana Golden State, ya tsinke agara a wasa na biyar na zagayen ƙarshe, abokin wasansa Klay Thompson ya ji rauni a jijiyar gwiwa a na shida, Toronto Raptors ta zama zakara. A 2025 Jayson Tatum ya tsinke agara a zagaye na biyu, Boston mai riƙe da kofi ta fita, shi kuma Tyrese Haliburton na Indiana Pacers tasa ta tsinke a rubu'in farko na wasa na bakwai da Oklahoma City Thunder, yana kwance yana dukan ƙasa da hannu. Babu ɗan wasan da zai yarda ya rasa shekara guda ta rayuwarsa domin maganar wani ta fito daidai, kuma likitan ƙungiyar ma bai san hakan zai faru ba da safiyar ranar.

Ko da babu 'yan damfara, lissafin kansa ba ya goyon bayan ƙanenka. A ce ƙungiyarsa tana da ƙarfin da a kowane zagaye damar wucewarta kashi 80 cikin 100 ce, wanda kuwa kyautata zato ne ƙwarai, domin abokan karawa suna ƙara tauri ne a gaba. Zagaye huɗu za ta haye, kuma idan aka ninka, abin da ya rage kashi 41 ne kacal, wato rashin ɗaukar kofin ya fi ɗaukarsa kusa. A wasa ɗaya ɗaya kuwa, farashin da aka saba shi ne ka zuba 110 domin ribar 100, saboda haka sai ka yi daidai fiye da sau 52 cikin 100 kafin ka dawo da uwar kuɗinka kawai. Wannan ɗan gibin shi ne abincin kamfani, kuma suna da ma'aikata da kwamfutocin da ba su da aiki sai wannan lissafi dare da rana. Hukuncin caca a addini na bar wa malamai, ni abin da ya shafi fagena nake faɗa.

Kada ka fara da faɗa, domin yaron da ya ga huɗu a jere zai ɗauka hassada kake yi masa. Ka zauna da shi, ku samu littafi, duk hasashen da mutumin ya turo ku rubuta shi da kwanan wata kafin a fara wasa, ba tare da an zuba ko sisi ba, har zagayen farko ya ƙare. Ku ƙirga waɗanda suka fito da waɗanda suka ɓace daga zauren. Kuɗin aron kuwa, ka tsaya a kansa ya mayar wa mai shi a makon nan, tun yana hannunsa.