Giyar da ta dace da keke marar canjin giya a wuri mai tuddai

Ga mai tambayar giyar da zai ɗaura wa keke marar canji inda hawa ya yi yawa, lissafin yana kan haƙoran faya-fayan da sarƙa ke bi ta kansu ne. A raba adadin haƙoran faifan gaba da adadin na baya: 44 da 16 suna ba da 2.75, wanda ya dace da shimfiɗaɗɗiyar hanya, amma a kan tudu yakan wahalar da gwiwa. A ganina 42 da 18, wato kusan 2.3, ya fi, ko da yake a gangara ƙafa za ta riƙa juya feda ba tare da ƙarin gudu ba. A fara da sauya na baya, domin ya fi araha, sannan a duba tsawon sarƙa.