Amsar tambayar Baffa kan 'yan Hindu

Baffa barka da war haka, na ga saƙonka, wai da gaske ne mutanen nan saniya suke bauta wa kamar yadda ake faɗa a gida? To abin ya fi haka zurfi. Shekarata tara a Delhi, babban birnin Indiya, kuma maƙwabcina ƙofa da ƙofa ɗan Hindu ne, dattijo, kusan kullum sai mun sha shayi tare.

Saniya uwa suka ɗauke ta, gau mata suke ce mata, shi ya sa za ka ga ta kwanta tsakiyar titi motoci na ta kewaye ta. Mu 'yan gida dai naman ɓauna muke saya wajen mahauta Musulmi can kusa da babban masallacin Jama Masjid, ba ma neman fitina.

Ni abin da ya fi ɗaure min kai lissafinsu na zamani ne. Mu mun san duniya tana da farko, ƙarshenta tashin kiyama, su kuwa juyawa take yi kamar taya, zamani huɗu ne suna kiransu yuga, na farko Satya shekara 1,728,000 gaskiya zalla, daga nan abu na ta raguwa har a zo Kali mai shekara 432,000, wanda suka ce an shiga tun 3102 kafin haihuwar Annabi Isa, in ya ƙare kuma a koma farko. In dattijon nan ya ji labarin cin hanci ko ɗa ya wulaƙanta ubansa sai ya girgiza kai ya ce kalyug hai, wato zamanin Kali ne, wallahi sai in tuna Hajiya Kaka tana cewa zamani ya lalace.

Haka ma rai, atman suke ce masa, mutum ya mutu sai ya dawo a wani jikin gwargwadon abin da ya shuka, wato karma. Burinsu shi ne moksha, a fita daga wannan zuwa da dawowar gaba ɗaya, don haka wasu tsofaffi ke tattarawa su tafi birnin Banaras bakin kogin Ganga su jira mutuwa a can.

Zama kuwa lafiya lau. Ran Diwali, bikinsu na fitilu, suna kawo mana alawa mu karɓa, amma prasad, abincin da aka ajiye gaban gunki, muna ba su haƙuri cikin ladabi, dattijon ya ma daina kawowa. Da sallah ni ma nakan aika masa dabino, nama dai ko kusa. A gaida su Inna.