Shin Maganin Ƙaiƙayi Zai Hana Ciwon Sikila Tashi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ɗana mai shekara 9 yana da sikila, kuma duk sanda aka yi masa allurar mofin (maganin zafi mai ƙarfi) a asibiti sai ƙaiƙayi ya kama shi. Na ji an ce bincike ya alaƙanta sikila da sinadarin histamin. Ko in riƙa ba shi Piriton kullum don ciwon ya daina tashi? Daga wata uwa a Daura.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba yaron lafiya. Histamin sinadari ne da wasu ƙwayoyin garkuwar jiki suke fitarwa idan an tsokane su, kuma shi ke haddasa ƙaiƙayi da atishawa da kumburi. Mofin na daga cikin magungunan da ke sa a fitar da shi, saboda haka ƙaiƙayin ɗanki abu ne da muka saba gani, ba dalilin hana shi maganin zafi ba ne.

Maganar binciken gaskiya ce. A shekarar 2006 masu bincike a Amurka sun nuna a ɗakin gwaji cewa histamin yana ƙara wa jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila manne wa bangon jijiya, wanda shi ne mafarin toshewar da ke hana iskar oksijin isa ƙashi da gaɓoɓi, har ciwo ya tashi. A 2013 wani gwaji a kan ɓeraye a Jami'ar Minnesota ya nuna cewa ƙwayoyin da ke fitar da histamin suna da hannu a zafin ciwon, sannan a 2019 likitoci a Faransa suka tarar histamin ya hauhawa a jinin masu sikila da dama.

Sai dai waɗannan binciken ba su gwada Piriton, maganin ƙaiƙayi da ke tare aikin histamin, a matsayin rigakafin tashin ciwo ba, kuma ni ban yarda a ɗora yaro a kansa kullum ba, domin yana sa barci, musamman idan ya haɗu da mofin. A bar wa likitan da ke duba shi ya ba shi lokacin ƙaiƙayin.

Abin da aka tabbatar yana rage tashin ciwo shi ne maganin hydroxyurea, tare da rigakafin zazzaɓin cizon sauro da yawan shan ruwa. A lokacin hunturu da ƙurarsa, idan kin ji yana tari da dare ko ƙirjinsa na fito, ki sa a duba shi ko yana da asma, domin asma tana ƙara wa mai sikila haɗarin ciwon ƙirji mai tsanani.