Cutar Siliyak: Na Daina Cin Alkama, Amma Ƙafafuna Ba Su Daina Dindiris Ba

Tambayoyin wannan karon duk daga masu cutar siliyak suka fito, ko daga masu jinyarsu. Wannan ita ce cutar da garkuwar jiki ke far wa ƙaramin hanji da zarar an ci gulutin, sinadarin da ke cikin alkama da sha'ir da danginsu. Kusan mutum 1 cikin 100 a duniya yana da ita, kuma ɓarnarta ba a ciki kaɗai take tsayawa ba, tana taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa.

Tambaya: Likita, zan iya shan ƙwayar haɗin bitamin ta yau da kullum?

Amsa: Za ki iya, 'yar'uwa, ƙwaya ɗaya a rana kamar yadda aka rubuta. Ki duba kwalin ki tabbatar an ce babu gulutin a ciki, domin wasu ƙwayoyin da sitacin alkama ake murza su.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekara guda ke nan da aka gano ina da siliyak, na daina cin alkama, cikina ya lafa. Amma tafin ƙafafuna suna dindiris da zugi, da dare kamar ana tsira mini allura. Ina shan ƙwayar ƙarfafa jijiya sau uku a rana, na haɗa da bitamin B6 daban da kuma sinadarin zink, tun da an ce bitamin ba ya illa, jiki na fitar da rarar a fitsari. Abin sai ƙaruwa yake, yanzu ya kai yatsun hannu. In ƙara yawan ƙwayoyin ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba ka lafiya. Kada ka ƙara ko ɗaya. Wasiƙarka ta tayar mini da hankali, domin ina zargin abin da kake sha don neman sauƙi yana cikin abin da ke ƙara maka ciwon.

Maganar cewa bitamin ba ya illa ba gaskiya ba ce, kuma ta cutar da mutane da yawa. B6 idan ya yi yawa a jiki, jijiyoyin da ke ɗauko ji daga hannu da ƙafa yake lalatawa. Alamominsa kuwa su ne dindiris, zugi, suka, da rashin sanin inda ƙafa ta taka, wato dai abin da ka lissafa. Babban mutum bai buƙatar ko miligiram 2 na B6 a rana. A Amurka iyakar da aka gindaya ita ce miligiram 100 a rana, hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai kuma a 2023 ta sauko da tata zuwa miligiram 12. Wasu ƙwayoyin da ake sayarwa da sunan maganin jijiya suna ɗauke da miligiram 100 ko 200 a ƙwaya guda. Kai kana shan uku, ga wani B6 ɗin a gefe. Ɗauko kwalayen ka tara lissafin da kanka, za ka ga inda ka kai.

Zink ma yana da tasa matsalar. Idan aka daɗe ana shansa da yawa, yana hana hanji tsotsar sinadarin jan ƙarfe, rashin wannan sinadarin kuma yana taɓa laka da jijiyoyi, ya kawo dindiris da rashin daidaiton tafiya, wani lokaci da ƙarancin jini. Mai siliyak dama hanjinsa bai cika tsotsar jan ƙarfe yadda ya kamata ba, sai ga zink ya zo ya ƙarasa toshe hanyar. Iyakar zink ga babba a Amurka miligiram 40 ce a rana.

Ba wai ina cewa mai siliyak ba ya buƙatar ƙarin sinadarai ba ne. Yana buƙata, sau da yawa ma sosai. Cikin ƙaramin hanji akwai 'yan ƙananan tsiro masu kama da gashin tawul, su ne ke tsotsar amfanin abinci, kuma su cutar ke shafewa. Shi ya sa ake samun ƙarancin sinadarin ƙarfe, folik asid, B12, bitamin D, kalshiyam, zink, jan ƙarfe, wani lokaci da bitamin E. Daga cikinsu B12 da jan ƙarfe da bitamin E su ne suka fi shafar jijiya. Amma ƙwaya abin da ya yi ƙaranci kawai take cikewa. In B12 ɗinka daidai yake, ko kwalba goma ka shanye dindiris ɗin ba zai gusa ba. Saboda haka awon jini ake fara yi, sannan a san abin da za a ba ka da adadinsa. Idan B12 ne ya yi ƙasa kuma har ya taɓa jijiya, galibi allura ake yi, ba a dogara da hanjin da bai gama warkewa ba. Akwai kuma wani tarko a nan: folik asid yana iya gyara ƙarancin jinin da rashin B12 ya kawo, awon jini ya nuna kamar komai lafiya, alhali jijiyoyi na ci gaba da lalacewa a ɓoye. Don haka ba a shan folik asid mai yawa sai an auna B12.

Ga abin da nake so ka yi. Ka dakatar da B6 ɗin da zink da ƙwayar jijiyar, ka kwashe su duka a jaka ka kai wa likitanka cikin makon nan, ba wata mai zuwa ba. A auna maka B12, B6, folik asid, jan ƙarfe, zink da sinadarin ƙarfe. A duba suga da aikin maƙoƙo, domin ciwon suga nau'i na 1 da cututtukan maƙoƙo sun fi yawa a tsakanin masu siliyak, kuma suna kawo irin wannan dindiris. In kana shan maganin suga na metformin ka faɗa, shi ma yana rage B12. A kuma maimaita awon jini na tTG, wanda ke nuna ko har yanzu gulutin yana shiga jikinka ba ka sani ba, domin lafawar ciki ba hujja ba ce cewa hanji ya warke. A manya warkewar hanji kan ɗauki shekara 2, wani lokaci fiye.

Ka sa haƙuri. Bayan daina B6 alamomin kan iya ɗan tsananta na 'yan makonni kafin su fara ja da baya, kuma jijiya a hankali take farfaɗowa, watanni ake ƙirgawa. Amma idan ka ga rauni yana hawowa daga ƙafa zuwa sama cikin kwanaki, ko fitsari ya fara kufce maka, ko ka fara faɗuwa, kada ka jira ranar ganin likita, ka tafi asibiti a ranar.

Tambaya: Likita, na ga ana tallan ƙwayar da ke narkar da gulutin a ciki, wai in na sha zan iya cin burodi. Gaskiya ne?

Amsa: Ba gaskiya ba ne, kuma wallahi wannan tallan yana ba ni takaici. Babu wata ƙwaya a kasuwa da aka tabbatar tana kare mai siliyak daga gulutin. Abincin da ake kira marar gulutin dole ya kasance ƙasa da kashi 20 cikin miliyan, to ta yaya ƙwaya ɗaya za ta share burodi guda kafin ya isa hanji? Ki ajiye kuɗinki. In kin riga kin fara cin alkama bisa dogaro da ita, ki daina yau, ki gaya wa likitanki.

Tambaya: Mahaifina yana da siliyak, yanzu yana tangaɗi in yana tafiya kamar mai jiri, maganarsa kuma ta fara sarƙewa. Wane bitamin zan saya masa?

Amsa: Ɗana, wannan ba maganar sayen bitamin ba ce, Baba likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi yake buƙata, kuma da gaggawa. Idan abin farat ɗaya ya zo, ko bakinsa ya karkace, ko ɓari ɗaya ya yi rauni, ku tafi asibiti yanzu, domin yana iya zama shanyewar ɓarin jiki. Idan kuma a hankali yake ƙaruwa cikin watanni, akwai yiwuwar garkuwar jikinsa ce ke yaƙar ɓangaren ƙwaƙwalwa na wajen ƙeya, wanda ke daidaita tafiya da magana. Likitoci a birnin Shefil na Ingila, ƙarƙashin Farfesa Marios Hadjivassiliou, sun yi bincike mai yawa a kan wannan tun shekarun 1990. Abin da ya sa nake gaggauta ku shi ne ƙwayoyin halittar wannan ɓangaren in sun mutu ba sa dawowa. Maganin shi ne ƙaurace wa gulutin ɗari bisa ɗari, kuma wanda aka gano da wuri shi ya fi samun sauƙi, ko da yake sai an kai kusan shekara kafin a ga bambanci. Za a auna masa B12 da bitamin E da jan ƙarfe, tun da rashinsu ma yana kawo tangaɗi. Kafin nan ku riƙa kama shi a matakala da banɗaki, kuma in yana shan barasa ya daina. Kada ku ɓata wata guda kuna gwada ƙwayoyi a gida.

Tambaya: Tun da na fara ƙwayar ƙarin jini bayan gidana ya yi baƙi. In daina?

Amsa: A'a Hajiya, haka sinadarin ƙarfe yake yi. Kada ki sha shi tare da shayi ko madara, suna hana shi shiga jiki. Amma in bayan gidan yana danƙo kamar kwalta, da wari mai ƙarfi, ga jiri ko ciwon ciki, wannan alamar zubar jini ce, ki tafi asibiti.

Tambaya: Ƙanwata tana yawan mantuwa da ciwon kai irin nawa kafin a gano cutar. Ya kamata ta daina cin alkama kafin ta je gwaji?

Amsa: Kada ta daina tukuna. In ta daina, awon zai iya fitowa babu komai alhali cutar na nan. Ta ci gaba da cin abincinta yadda ta saba, ta je a yi mata awon tTG, ta kuma gaya wa likitan cewa yayarta na da siliyak, domin kusan 1 cikin 10 na 'yan'uwan jini na kusa suna da ita. Kada ki raba ƙwayoyinki da ita kafin sakamakon ya fito.