Fuloti mai araha a sabuwar unguwa a Abuja: me zan bincika kafin in biya?

Tambaya: Ina zaman haya a Kubwa. Wani dillali ya nuna mini fuloti a bayan Lugbe, da takardar ƙaramar hukuma da sa hannun sarkin ƙauyen, ya ce nan da shekara biyu titi zai iso. Kuɗin ya yi sauƙi ƙwarai. In saya?

Amsa: Ka dakata tukuna. Sauƙin kuɗin nan yana da dalili, kuma dalilin yana cikin takardun da aka nuna maka.

Dokar soja mai lamba 6 ta 1976, wadda ta kafa Abuja a zamanin Janar Murtala Muhammed, ta danƙa duk ƙasar Babban Birnin Tarayya a hannun gwamnatin tarayya. Ministan Abuja ne kaɗai ke ba da fili. Kotun Ƙoli ta jaddada a 2008 cewa babu mallakar gargajiya a ƙasar Abuja. Saboda haka sa hannun sarki bai mallaka maka komai ba, ko da shi da kakanninsa Gbagyi a nan aka haife su. Takardar ƙaramar hukuma kuwa, ko ta AMAC (ƙaramar hukumar birnin Abuja) ce ko ta Bwari ko ta Kuje, ba ta tsaya da ƙafarta sai an shigar da ita an tantance, minista ya amince. Mutane da dama da rusau ya ci gidajensu suna riƙe da irin waɗannan takardu a hannu.

Matakin farko shi ne ka karɓi lambar fayil da kwafin R of O ko C of O (takardun izinin mallakar fili da gwamnati ke bayarwa), tare da wasiƙar amincewar mai filin, lauyanka ya kai ofishin AGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filayen Abuja, a yi bincike. Rahoton zai nuna sunan mai filin na ainihi, girmansa, abin da aka ware shi dominsa, ko an jinginar da shi a banki, ko an soke shi. Mai filin da ya ƙi ba da wasiƙar nan, ka rabu da shi. Ka tambayi bashin harajin ƙasa ma, domin a 2025 an soke takardun filaye sama da 4,700 saboda an haura shekara goma ba a biya ba.

Sai ka ɗauki safiyo (mai awon fili) naka, ba wanda dillali ya kawo ba. Ya ɗauki lambobin duwatsun kan iyaka a wurin, ya ɗora su kan taswirar unguwar. A nan ake kama mafi yawan zamba: takarda ta gaskiya ce, amma filin da aka tsayar da kai a kansa daban ne, ko ya faɗa kan hanyar da za a fitar, ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ko wurin da aka bari don lambu.

Batun titi kuma, tsarin birnin na 1979 ya kasa Abuja zango-zango. Garki, Wuse, Maitama da Asokoro suna zangon farko. Jabi, Utako da Jahi na biyu. Gwarinpa da Lokogoma na uku. Karsana na huɗu. Raba filaye yana riga aikin titi da ruwa da magudana nesa ba kusa ba. Guzape tana zangon farko, amma ta daɗe tana jiran kwalta bayan an cika maƙwabciyarta Asokoro. Idan ba ka ga ɗan kwangila da motocinsa a wurin ba, ka sa kuɗin rijiyar burtsatse, da taransifoma ta haɗin gwiwa, da cikon hanya duk damina a cikin lissafinka.

Idan komai ya fito daidai, a rubuta yarjejeniyar sayarwa, a nemi amincewar minista, a yi mata rajista. Kada ka aza bulo ko ɗaya sai sashen kula da gine-gine ya amince da zanen gidanka, katanga ma tana ciki.

Abin da taswira ba za ta nuna maka sosai ba shi ne ruwa. A Lokogoma da wasu sassan Lugbe an yi gine-gine a kan hanyar rafi, ambaliya ta ci dukiya da rayuka, aka zo aka rushe wasu. Ka je filin a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. Ka duba inda yashi ya taru, da tabon laka a jikin katangun maƙwabta, ka tambayi mai shagon bakin layi iya inda ruwa ya kai bara.