Tambaya da Amsa: Wai soson teku dabba ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Na ga wani bidiyo na masu nutso a teku, suka fesa ruwa mai kala a gindin wani abu ja-ja mai kama da randa, can sai ga kalar tana fitowa ta bakinsa da ƙarfi. Aka ce wai soso ne kuma wai dabba ne. Ni dai ban ga ido ba ban ga ƙafa ba, ko motsi baya yi. Don Allah ya abin yake?
Daga wata ɗaliba

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa. Eh dabba ne, kuma wannan kalar da kika ga tana fitowa ita ce babbar shaida. Ai ba ke kaɗai ya rikita ba, masana ma sun daɗe suna lissafa shi cikin tsirrai, sai a wajen 1825 wani masani ɗan Sukotlan mai suna Robert Grant ya zuba masa ido ya ga ashe ruwa yake ja yana fitarwa da kansa.

Ga yadda yake. Jikinsa gaba ɗaya ƙananan ƙofofi ne, ruwa na shiga ta nan ya bi wasu hanyoyi a ciki, a hanyoyin nan akwai ƙwayoyin halitta masu ɗan gashi guda ɗaya kowacce, su ne ke ta kaɗa gashin nan dare da rana suna tura ruwan gaba, suna tsince bakteriya da ɓurɓushin abinci, sannan ruwan da aka tace ya fita ta babban bakin sama. To shike nan fa cin abincinsa, ta nan yake shaƙar iskar oksijin, ta nan yake fitar da ƙazanta. Ba shi da ƙwaƙwalwa, ba zuciya, ba ciki, ba jini. Amma tace abinci yake yi daga ruwa, ba haɗa shi yake da hasken rana yadda tsiro ke yi ba, kuma ɗan tayinsa idan ya fito iyo yake a ruwa na ɗan lokaci kafin ya samu dutse ya manne, daga nan ba zai sake tashi ba har ya mutu.

Wanda kika kwatanta da alama Xestospongia muta ne, na tekun Karibiyan, yana zama a kan duwatsun murjani (wasu ƙananan halittun teku ne masu gina duwatsu) inda ruwa ke da ɗumi. Faɗinsa na iya kai kusan mita 2, kuma a hankali yake girma sosai, akwai wani da aka gani a tsibirin Kurasawo da ke Karibiyan aka ƙiyasta shekarunsa sun haura 2,000. Jan nan na jikinsa ma ba nasa bane, na wasu bakteriya ne da ke zaune a cikin namansa.

Abin da ni ya fi burge ni shine gwajin da wani masani mai suna H. V. Wilson ya yi a Amurka a 1907. Ya matse soso ta cikin ƙyallen siliki har ƙwayoyinsa suka rarrabu, ya bar su a ruwan teku, sai suka riƙa jan jiki suna neman juna suna haɗewa har suka sake zama ƙananan soso masu rai. Subhanallah.

TAMBAYA: Malam tunda baya gudu, me ya hana kifaye su cinye shi?
Daga wani mai karatu

AMSA: Ɗan'uwa ai ba ya ciwuwa da daɗi. Yawancinsu jikinsu cike yake da ƙananan tsinkaye masu kaifi na sinadarin gilashi ko na alli, ga kuma guba da ɗaci da suke haɗawa. Duk da haka akwai masu cinsa, musamman wani kunkurun teku mai baki irin na shaho wanda a Karibiyan kusan soso ne abincinsa, da wasu kifayen murjani.

Sinadaran jikinsa ma sun amfani ɗan Adam. A shekarun 1950 wani masanin sinadarai mai suna Werner Bergmann ya gano wasu sinadarai a wani soson Karibiyan, daga kansu aka samu hanyar haɗa sitarabin, maganin kansar jini da aka amince da shi a 1969 kuma har yau ana ba marasa lafiya.

TAMBAYA: To shi wane amfani yake wa tekun kansa?
Daga wata malamar makaranta

AMSA: Malama wannan tambayar ta min daɗi, don kowa murjani da kifaye masu kala yake kallo, ba mai kula soso. Ruwan da murjani ke rayuwa a ciki garau yake, abinci kaɗan ne a cikinsa, amma ga halittu fal, to da me suke rayuwa? Wani bincike da Jasper de Goeij da abokan aikinsa suka fitar a 2013 ya nuna murjani da gansakuka suna zubar da abinci narkakke a ruwa wanda yawancin dabbobi basa iya ci, shi soso sai ya zuƙe shi, ya riƙa zubar da tsofaffin ƙwayoyin jikinsa, su kuma tsutsotsi da dodon koɗi da ƙananan ƙaguwa su ci, kifi ya ci su. Kinga abincin da zai salwanta ya dawo gida. Ga jatan lande da ƙananan kifaye da ke fakewa a cikin ramukansa.

Shi yasa raina ke ɓaci idan na ga an jefa anka ko igiyar kamun kifi ta yanke babban soso, abin da ya yi ɗaruruwan shekaru yana girma a lalata shi cikin minti ɗaya. Laka da ke gangarowa daga tudu ma tana toshe masa ƙofofi, dole ya rage jan ruwa ko ya tsayar, kuma idan abin ya daɗe yunwa ce zata kama shi.